Amsa: Tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Rahama

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa ake cewa akwai tashar jirgi a Rahama, kusa da Saminaka, alhali babu jirgin da ke bi ta wurin. Gaskiya ne, an yi ta, kuma kuza ce ta kawo ta.

Kafin dogo, a ka da bayan jakuna ake ɗauko kuza daga Jos, tafiyar kwana da kwanaki. Shi ya sa Turawa suka shimfiɗa ƙaramin layi daga Zariya, ya iso Rahama a 1912, ya kai Bukuru a 1914. Da sunan Bauchi ake kiran layin, don a lokacin ƙasar Jos tana cikin lardin Bauchi, amma bai taɓa shiga garin Bauchi ba.

Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne kacal, babban layin Legas zuwa Kano kuwa ƙafa 3 da inci 6. Ka ga ke nan duk kayan da suka iso Zariya sai an sauke, 'yan dako su sake lodawa a wani tarago. Wannan wahalar ce ta ci shi. Da aka haɗa Jos da Kafanchan da babban layi a 1927, kuza ta canza hanya. Ƙaramin jirgin ya ci gaba da jan fasinja da amfanin gona ta Dutsen Wai da Jengre har 1957, aka rufe layin.

Abin yana damuna ƙwarai, domin dattawan da suka hau jirgin nan sai ƙarewa suke yi. In ka je, ka nemi waɗanda suka haura shekara 80, ka ɗauki muryarsu a waya.