Ƙanena, kafin ka ba kowa lambar asusunka a Amurka

Ƙanena,

Na saurari saƙonka har ƙarshe. Barka da samun gurbin karatu, Allah Ya sa albarka, Ya kawo ka lafiya. Maganar masauki da kayan sanyi mu bar ta sai a waya. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne wanda ka saƙala daga ƙarshe kamar wasa. Wai abokinka da ya riga ka zuwa ya ce da ka sauka ka buɗe asusun banki, za a riƙa turo kuɗin kasuwanci ta ciki, ka ɗauki kashi goma a matsayin la'ada, ka tura masa sauran. Da ka nuna tsoro sai ya ce nan ƙasar doka ce, ko an sami matsala lauya zai fitar da kai. Ka tambaye ni ko haka ne.

Ka san ni ba lauya ba ne. Tafinta nake yi, ana kirana kotu idan wani namu ya shiga hannu kuma Turancin ya yi masa nauyi. Abin da na ji a ɗakin lauya amana ce, ba zai fito daga bakina ba. Amma zaman kotu a buɗe yake, kowa na iya shiga ya zauna a benci, kuma daga nan zan ba ka amsa.

A nan kotu iri biyu ce, ta jiha da ta tarayya. Faɗa, satar kanti, tuƙi cikin maye, galibi na jiha ne. Kuɗin zamba kuwa, da zarar ya bi ta waya ko intanet ya tsallaka daga wata jiha zuwa wata, tarayya na da hurumi a kansa. Su kuma ba sa gaggawa. Kafin jami'an FBI su ƙwanƙwasa ƙofar mutum, an yi watanni ana tara takardun bankinsa, da hotonsa a gaban na'urar cire kuɗi, da saƙonnin da aka samu a wayar wanda aka riga aka kama. Wani kwamiti na 'yan ƙasa 16 zuwa 23 ya zauna a asirce ya amince da tuhuma, ba tare da lauyanka ya shiga ɗakin ba. Cibiyar bincike ta Pew ta duba alƙaluman 2018: cikin waɗanda aka gurfanar a kotunan tarayya, kashi 90 sun amsa laifinsu, kashi 2 kacal suka tsaya aka yi shari'a, kuma waɗanda aka wanke a shari'ar ba su kai kashi 1 na jimilla ba. Ramon Abbas, wanda kuka sani da Hushpuppi, ba kuɗin ɗaukar lauya ya rasa ba. An kamo shi daga Dubai a 2020, ya amsa laifi, a Nuwamban 2022 kotu a Los Angeles ta ɗaure shi wata 135.

Aikin da ake maka tayi, masu gabatar da ƙara sun san shi ciki da bai. Zamba ta hanyar waya ko intanet hukuncinta na kaiwa shekara 20. Halasta kuɗin haram, shi ma 20. Sannan akwai haɗa baki, wanda shi ne ragar da ke kwaso irinku. Ba sai ka taɓa yin magana da tsohuwar da aka yaudara da soyayyar ƙarya ba, ko kamfanin da aka sauya wa lambar asusu a imel. Ya isa a nuna ka yarda ka taka rawarka. Kuma da aka zo lissafi, ba kashi goman da ka ci za a ɗora maka ba. Kuɗin da suka ratsa ta hannunka ake dubawa, wani lokacin har da na sauran abokan tafiyar, kuma dole kotu ta umarci a biya waɗanda aka cuta. Shi mai ba da umarnin yana iya kasancewa a Legas ko Dubai da layin waya na bogi. Sunan da ke banki, da fasfo da adireshi, naka ne.

Za ka ce ai ba ka san kuɗin sata ba ne. To, wannan ita ce kariyar da ake da ita, kuma ta gaske ce, domin dole gwamnati ta tabbatar ka sani. Sai dai alƙali na iya gaya wa mutum 12 da za su yanke hukunci cewa wanda ya ga alamu ya rufe idonsa da gangan, daidai yake da wanda ya sani. Ɗalibin da bizarsa ta ba shi izinin aikin awa 20 a mako a cikin makaranta, dala dubu 40 ta shigo masa daga wata mata da bai taɓa gani ba, aka ce ya cire ta kashi-kashi kada ta kai dubu 10. Me zai ce musu? Shi kansa rarraba kuɗin don kauce wa rahoton da banki ke kai wa hukuma laifi ne mai zaman kansa.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, ko da kuwa ba ka taɓa yin komai ba. Shari'u da yawa a bakin ƙofa ake rasa su, tun kafin a ga alƙali. Jami'an tarayya su biyu suke zuwa, da sassafe, cikin ladabi, ɗaya riƙe da fayil. Za su ce 'yan tambayoyi ne kawai, kan wani ne ma ba kai ba. Mu kuma tarbiyyarmu ita ce babba ya tambaye ka ka amsa, hukuma ta zo ka yi bayani, ka ba da haƙuri, a kashe magana. Sai yaro ya shigo da su, ya ba su wurin zama, ya fara zuba. Gargaɗin nan da kake gani a fim, cewa kana da ikon yin shiru, wanda ya samo asali daga shari'ar Miranda ta 1966, sai mutum yana tsare ake wajabta karanta masa. A falonka ba dole ba ne. Ɗayansu na tambaya, ɗayan na rubutu, kuma tambayoyin da yawa sun riga sun san amsarsu. Ka ce ba ka san wane ba alhali hotonku na cikin fayil, ka jawo wa kanka sabon laifi, domin yi wa jami'in tarayya ƙarya na kai mutum shekara 5 ko bai rantse ba. Baki shi ke yanka wuya.

Abin yi kaɗan ne. Ka gaishe su, ka karɓi katinsu, ka ce ba za ka amsa tambaya ba sai da lauya. Ka tsaya a nan, kada ka ƙara da "amma dai". In sun zo da takardar bincike mai sa hannun alƙali, ka matsa su yi aikinsu. In ba su da ita, ba dole ka bar su su shiga ko ka miƙa wayarka ba. Bayan sun tafi kada ka goge saƙo ko ɗaya, kada ka kira abokin nan ku daidaita baki. Duk biyun laifi ne, kuma mai yiwuwa shi ne ya ba da sunanka don a rage masa. In an tsare ka, wayar gidan yari ana naɗar ta, Hausa kuma ba ta ɓoye komai, akwai irina da ake biya su fassara. Kana da damar neman a sanar da ofishin jakadancin Najeriya, amma ba za su iya fitar da kai ba.

Batun lauya, nan ne iyaye ke yin asara. Da labari ya isa gida sai a sayar da fili a turo dala, wai lauyan kyauta na gwamnati ne, bakinsu ɗaya. A abin da na gani, ba haka ba ne. Kotun tarayya na naɗa wa marar hali lauya, ɗan ƙasa ne ko baƙo, kuma tun dokar 1964 gwamnati ke biyansa. Ofishin waɗannan lauyoyin daban yake da na masu gabatar da ƙara, ba su da wani aiki sai shari'ar tarayya, suna da masu bincikensu, sun san halin kowane alƙali. Na fi yarda da su a kan lauyan unguwa da ya saba da takardun aure da haɗarin mota, ya karɓi kuɗinka ya je yana koyo a kanka. In za a kashe kuɗi, a kashe wajen lauyan shige da fice, don a can ne ba a ba da na kyauta.

Beli ma ba irin wanda ka sani ba ne, na a kawo mai tsayawa da takardar fili. Alƙali na duba ko za ka gudu, ko kana da haɗari ga jama'a. Baƙon da iyayensa ke Kano, ba mata, ba gida, ba aiki, sau da yawa a tsare yake jiran shari'a. Ko an sake shi, hukumar shige da fice ta ICE na iya jiransa a ƙofa, tunda ɗalibin da ya daina zuwa aji bizarsa ta lalace.

Ranar amsa laifi ce ta fi tsaya min a rai. Yaro na tsaye da kayan gidan yari, na'urar sauraro a kunnensa, ni ina gefe ina juya maganar alƙali. Ka fahimci ka bar haƙƙinka na shari'a? Eh. An tilasta maka? A'a. Ka fahimci cewa in kai ba ɗan ƙasa ba ne ana iya tasa ƙeyarka, a hana ka dawowa? A nan wasu kan ɗan yi jim, su waiwayi lauya. Hankalinsu duk yana kan watanni nawa za a ba su, alhali a dokar shige da fice, zambar da asararta ta wuce dala dubu 10 na cikin manyan laifukan da kusan ba su da mafita, ko da mutum kwana ɗaya bai yi a kurkuku ba, ko da yana da katin zama na dindindin. A 2010 Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Jose Padilla, direban babbar mota ɗan asalin Honduras da ya shekara fiye da 40 a ƙasar har ya yi mata yaƙi a Vietnam, cewa wajibi ne lauya ya faɗa wa baƙo wannan haɗarin kafin ya amsa laifi. Gwanintar lauya a nan take fitowa: wane sashe na doka za a amsa, nawa za a rubuta a matsayin asara, a nuna ƙaramar rawa ka taka, a kawo wa alƙali tarihinka da wasiƙun malamanka. Ana samun sassauci ta nan sosai. Amma abin da aka yanke, kusan kashi 85 cikin ɗari sai ka zauna shi, don tarayya ta soke sakin wuri na sharaɗi ga laifukan da aka aikata tun daga 1987.

Wasu ƙananan ramuka, a gurguje. Wiwi halal ne a dokar jihohi da dama, amma a ta tarayya haramun ne, kuma ita ke riƙe da bizarka. Bindiga, mai bizar karatu ba shi da izinin riƙe ta sai da wasu keɓantattun sharuɗɗa. Kada ka taɓa cika takarda ka ce kai ɗan Amurka ne, ta aiki ko ta zaɓe.

Saura maganar kuɗin makaranta, don na ji Baba na cewa zai nemi mai canji mai sauƙi. Akwai masu cewa a ba su naira a gida, wani a nan zai zuba maka dala a asusu. Wani lokacin dalar nan ta wanda aka damfara ce, kai aka yi amfani da kai aka wanke ta, da kuɗin Baba na halal. In sunan da ya turo ba ka san shi ba, kada ka taɓa kuɗin, ka kira ni. Ka ce wa Baba a biya makaranta kai tsaye ta banki ko ta hanyar da ita makarantar ta bayar, a adana rasit, ko da canjin ya fi tsada. Shi kuma abokin naka, ka ce masa yayanka ya hana, ka ɗora laifin a kaina. Ka gaishe min da Inna.

Yayanka.