Ashe Goggo 'Yar Riƙo Ce: Ta Ina Zan Kamo Bakin Zaren?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Bara Allah ya yi wa Goggonmu rasuwa, wadda muka taso muna ɗauka ita ce babbar yayar mahaifinmu. Bana aka tashi raba gidan kakanmu, wanda ya daɗe da rasuwa ba a taɓa gadonsa ba. Da aka zo lissafa magada sai baffanninmu suka ce Goggo ba ta ciki, wai 'yar riƙo ce. Kakanmu ma'aikacin reluwe ne. An ce wata rana ya sauko daga jirgi riƙe da hannunta, tana 'yar shekara huɗu ko biyar, ya miƙa wa kakarmu, shi ke nan. Ba wanda ya san garin da ya ɗauko ta. 'Ya'yanta shida, kuma babbar tun ranar take kuka, wai ashe ba su da dangin uwa. A akwatin ƙarfen kakanmu na samu katinsa na aiki, da hoton bikin Goggo, da wata 'yar wasiƙa da ajami da na kasa karantawa. Abin da na tuna Goggo tana yawan faɗa shi ne, ba ta daɗe da zuwa Kaduna ba aka ɗora ta a wuya ta kalli hawan da aka yi wa Sarauniya. An ce mini akwai gidan ajiye takardun tarihi a garin nan. In na je zan samu sunanta?

'Yarka, daga Tudun Wada, Kaduna

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan Goggo, ya kyautata makwancinta.

Bari in fara da abin da ba za ki so ji ba, don kada ki ƙarar da kuɗin mota a banza. Da wuya ki tarar da takardar da aka rubuta "wance 'yar wane, an ba wane riƙonta." Na yi shekaru ina magatakarda a kotun yanki kafin in ajiye aiki, ban taɓa cin karo da rajistar riƙo ba. Riƙo a wajenmu magana ce ta fatar baki tsakanin manya, wani lokaci a zaure, wani lokaci a wajen zaman makoki. Takardar haihuwa ma kada ki sa rai, don dokar farko da ta wajabta rajistar haihuwa a duk ƙasa sai a 1979 ta fito.

Amma akwai wata sa'a da muke da ita. A ƙasashen Turawa in an ɗauki yaro, sunan uba ake canja masa, a rufe tsohuwar takarda. Mu kuwa aya ta 4 da ta 5 a Suratul Ahzab sun hana haka, sun ce a kira 'ya'ya da sunan ubanninsu. Saboda haka ko an yi shekara hamsin ana sakaya magana, akwai wuraren da dole gaskiya ta leƙo: ranar aure, ranar suna, ranar gado. Ta gado kun riga kun gani da idonku. Sauran biyun su za ki bi.

Kin ma zo da shekara a hannunki ba ki sani ba. Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna a watan Fabrairun 1956, a lokacin aka yi mata wannan hawan. Ke nan an kawo Goggo wajajen 1955, haihuwarta kuma ba za ta yi nisa da 1950 ko 1951 ba, zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru. Haka ake kamo shekara a bakin tsofaffi. Kada ki tambaye su lamba. Ki ce, "Bikin Goggo kafin a kashe Sardauna ne ko bayan nan?" Kin samu Janairun 1966. "Sadakinta da fam aka biya ko da naira?" Kin samu 1973.

To, ki ɗauki hoton bikin nan ki nufi tsofaffin mata, makwannin nan ba baɗi ba. Ƙannen kakarku in akwai masu rai, kishiyoyinta, ƙawayen Goggo da suka yi mata zaman lalle, matan tsofaffin ma'aikatan reluwe da suka zauna kwatas ɗaya. Kada ki je da littafi da biro kamar mai ƙidaya, bakinsu zai mutu. Ki je da goro ko ɗan turare, ki zauna a tabarma, ki miƙa hoton ki yi shiru. Su za su fara nuna fuskoki da kansu. In hira ta yi daɗi sai ki jefa tambaya: wa ya yi wa Goggo walicci? A mazhabar Malikiyya dangin uba su ne a gaba, mariƙi yana shigowa ne in babu su. Gaskiya ne sau da yawa akan bar wa mariƙi ya ba da aure don girmamawa, amma ko a haka sai an aika wa masu 'ya. Don haka ki bi kuɗin gaisuwar iyaye: ina aka kai su, wa ya kai? Wane baƙo ne ya zo daga nesa ya kwana a zaure? Da ta samu cikin fari, wane gida ta je goyon ciki?

Sai wata dabara da ba ta buƙatar ki fita daga gida. Ki jera sunayen yanka na 'ya'yan Goggo shida. Wanne ne take yi wa alkunya, ba ta kama sunansa sai dai ta ce Abba ko Baba, Ummi ko Iya? In sunan yankan Abban nan bai zo ɗaya da na kakanku ba, kuma ba na uban mijinta ba ne, to ki ja layi a ƙarƙashinsa. Yarinya 'yar shekara biyar ta san sunan ubanta, kuma mace kan haɗiye magana shekara da shekaru, ta zo ta fito da ita ranar suna. Haka nan in akwai aska a fuskar Goggo, ko bille ne ko 'yar baka, ki nuna wa tsohon wanzami hoton. Ba zai ba ki sunan gida ba, amma zai iya ce miki wannan zanen mutanen yanki kaza ne.

Ba karatun littafi nake kawo miki ba. Ƙanwar mahaifiyata ma riƙonta aka yi, kuma da na tashi neman asalinta, girman kan ma'aikaci ya sa na fara da takarda. Na je wata kotu inda aka raba gadon mutumin da nake zaton shi ne ubanta. Kwana uku ina safa da marwa kafin a samo mabuɗin sito. Da aka fito da littafin, ɗaure da jan zare, na buɗe sai gari ya zubo mini a riga. Gara ta cinye gefen da ake jera sunayen magada tas, ta bar mini lissafin tumaki da buhunan dawa. Na dawo gwiwa a sanyaye. Bayan wata biyu wata tsohuwa a Rigasa, tana tsinken zogale ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Ai ranar bikinta wani dogo mai carbin ƙashi ya zo a jirgin Gusau, shi aka ba goron uba." Da wannan maganar guda na kai har ƙofar gidansu.

Yanzu takardunki. Wasiƙar ajamin nan ita ce ta fi komai daraja a akwatin. Kada ki kai a liƙe ta da leda mai zafi, tawada na iya lalacewa. Ki ɗauke ta hoto da waya, gaba da baya, ki sa ta a ambulan. Ki kai wa dattijon malamin zaure ya karanta, sannan ki kai wa wani dabam ba tare da kin faɗa masa abin da na farko ya ce ba, domin ajami in babu wasali, sunan gari ɗaya sai ya karantu iri biyu. In ta gagare su, ki je Gidan Arewa da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, wanda tun 1970 ya zama cibiyar binciken tarihi, yanzu yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai masu aikin rubutun hannu na Larabci da ajami a can. Wasiƙun mutanen da kuwa ba sa rowar suna: daga wane zuwa ga wane, a gai da wance, a gai da yara ɗaya bayan ɗaya.

Katin aikin kakanku yana da lamba, lambar nan kuma ita ce ta fayil ɗinsa. Ma'aikacin reluwe ba ya zama wuri ɗaya, kuma duk canjin wurin aiki ana rubuta shi. Abin da kike nema layi ɗaya ne: wace tasha yake a 1954 da 1955? Jirgin da ya sauke Goggo zai iya fitowa ta Kafanchan, ko ta Minna, ko ta Zariya, inda hanya ta rabu, ɗaya ta bi Kano har Nguru, ɗaya ta bi Funtuwa da Gusau har Ƙaura Namoda. Hukumar jiragen ƙasa tana da ofisoshin shiyya a Zariya da Kafanchan, hedikwata kuma a Ebute Metta a Legas. Ni dai da ƙungiyar 'yan fanshon reluwe zan fara, don su suka san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa, kuma ba mamaki ki samu wanda ubansa ya yi aiki da kakanku.

Gidan takardun da aka gaya miki yana nan a titin Yakubu Gowon, reshe ne na Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa. Akwai fayilolin lardunan Arewa, da rahotannin gundumomi, da na haraji, da tsofaffin jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939. Sai dai takardun mulki ne. Haraji magidanta maza yake ƙirgawa, bai damu da 'yar shekara biyar ba. Ki bari sai kin samu sunan gari tukuna. A lokacin ne rahoton gunduma zai gaya miki wane ne hakimi, ko an yi annobar sanƙarau ko agana ko fari a shekarun, abin da zai iya bayyana dalilin da ya sa aka ba da yarinya. Daga nan sai ƙafa: dagacin garin, da liman, da mafi tsufan mutanen unguwar tasha. In zaren ya kai ki gidan Kirista, a Kudancin Kaduna ko wani wuri, tsofaffin majami'u suna ajiye rajistar baftisma mai ɗauke da sunayen iyaye.

Kafin ki taka ko'ina, ki zauna da 'ya'yan Goggo. Uwarsu ce, su ke da haƙƙin cewa a tona ko a bari. Galibin riƙo maraici ne ko zumunci ko amana tsakanin aminai, amma wani shirun akwai dalilinsa, kuma abin da kika gano su za ki fara kai wa, ba zauren WhatsApp na dangi ba.

Maganar gida kuwa, baffanninku ba su saɓa shari'a ba, 'yar riƙo ba ta gado. Amma a bincika ko kakanku ya bar mata wasiyya, wadda take halatta har sulusin dukiya. Ko bai bari ba, mahaifinki ya tuna musu aya ta 8 a Suratun Nisa'i, wadda ta ce in dangi da marayu da miskinai suka halarci rabo a ba su wani abu, a kuma gaya musu magana mai daɗi. Matar da ta goya su a bayanta ce.

In an karanta miki wasiƙar, ki rubuto mini garin da aka ambata. In na layin Gusau ne, ina da sauran mutane a can.