An Canza Mini Kik, Amma Har Yanzu "Ƙas" Kawai Motar Ke Yi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Hilux a-kori-kura mai fetur, ina ɗaukar kayan gwari da ita zuwa kasuwar Funtuwa. Idan na murɗa makulli sai in ji "ƙas" sau ɗaya, injin bai juya ba, sai na yi ta maimaitawa kafin ta tashi. Makanike ya ce kik ne, na sayi na hannu aka sa, bayan sati biyu matsalar ta dawo. Yanzu mai wayarin ya ce rile ne. Mene ne aikin rile? In sake sayen wani kik ɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayi komai tukuna. Wannan "ƙas" ɗin da kake ji shi zai nuna maka inda matsalar take, idan ka gane daga ina yake fitowa.

Kik na cin wuta fiye da komai a mota. A injin fetur irin naka yakan ja amfa (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) 150 zuwa 250 a lokacin da yake juya inji, na dizal ya fi haka. Makulli ba zai iya ɗaukar wannan ba, zai ƙone. Shi ya sa aka raba aikin. Makulli na aika 'yar wuta kaɗan, wadda ba ta kai amfa ɗaya ba, zuwa rile. A cikin rile akwai nannaɗaɗɗiyar waya da ke zama maganaɗisu idan wuta ta shige ta, sai ta jawo wani ɗan ƙarfe ya haɗa hanya. Ta wannan hanya wuta ke bi wata siririyar waya zuwa solenoid, wato ɗan gwangwanin da ke ɗane a kan kik. Solenoid kuma aiki biyu yake yi a lokaci guda: ya tura ƙaramin giya cikin haƙoran filawil, wato babban faifan ƙarfen da ke juyawa tare da inji, ya kuma haɗa tagulla biyu domin wutar babbar waya mai zuwa daga batir ta shiga kik.

To, rile na yin ƙara, solenoid ma na yi. Na rile siriri ne, "ƙit", daga akwatin fiyus da ke ƙarƙashin bonet. Na solenoid mai nauyi ne, daga ƙasa, wajen da inji ya haɗu da giyabos. Ka sa wani ya murɗa makulli, kai ka tsaya a gaba ka saurara. Idan mai nauyin kake ji, rile ya riga ya isar da saƙo, mafi yawan lokuta ba shi da laifi.

Gwada rile ba ya cin ko sisi. A Toyota za ka ga an rubuta ST a murfin akwatin fiyus. Cire shi, ka sa wani rile daga akwatin wanda lambarsa da ƙafafunsa suka zo ɗaya da shi. Idan motar ta riƙa tashi ba gardama, ka sami mai laifi. Mai wayarin zai iya gwada shi a hannu ma: ƙafa ta 1 da ta 2 su ke karɓar wutar maganaɗisu, ta 3 da ta 5 su ke haɗuwa. A rile irin na gama-gari lambobin su ne 85 da 86, sai 30 da 87. Sai dai a sani, rile na iya yin ƙara alhali bakinsa na ciki ya ƙone, don haka a auna ko wuta na wucewa, kada a tsaya a jin ƙara.

Ni zargina ya fi karkata ga wurare biyu. Na farko kan batir da wayoyi. Kunna fitilun gaba, a murɗa makulli. Idan suka dushe sosai ko suka mutu, batir ya yi rauni ko kansa ya yi tsatsa ko ya saki. Lafiyayyen batir na nuna bolt 12.6 a zaune, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba lokacin tayarwa. Farar hodar nan da ke taruwa a kan batir ta isa ta hana mota tashi. A duba kuma wayar da ta haɗa batir da jikin inji da bodi, don motar da ke bin hanyar ƙauye da kaya tana shan girgiza da laka, wannan waya kan saki ko ta ruɓe daga ciki, kuma ba kasafai ake kula da ita ba.

Idan fitilu suka tsaya da haskensu, ga "ƙas" mai nauyi, to sai wuri na biyu: tagullar cikin solenoid. Wannan sananniyar cuta ce a kik ɗin kamfanin Denso da Toyota ke amfani da shi. Duk tayarwa ɗaya tartsatsi na cinye tagullar kaɗan, har ɗaya ta yi rami, sai haɗuwa ta zama ta sa'a. Alamarta daidai da abin da ka faɗa. Kik na hannu ya riga ya yi shekaru a wata motar, ba mamaki ya zo da tagulla cinyayyiya kamar naka na da. Ba sai an jefar da shi ba. A buɗe murfin solenoid, a canza tagullar da ƙarfen tsakiya mai haɗa su, a duba kabon, wato 'yan gawayin da ke kai wuta cikin kik, a lokaci guda. Kuɗin bai kai kusa da na kik ba. Idan tsohon naka na nan, shi ma a buɗe shi.

Idan kuwa dole sai an sauke kik, a fara cire wayar batir ta baƙi, mai alamar ragi. Babbar wayar kik kullum da wuta take, ko makulli na aljihunka, kuma sifana na taɓa ta da bodi za ta iya narkewa a hannun mutum. Daga nan a cire siririyar waya, a kwance notin babbar, sannan bol biyu da ke riƙe da kik. Kafin a sa sabo a jera shi da tsoho, a ƙirga haƙoran giyansu, a tabbatar ramukan bol sun zo ɗaya. A leƙa ramin a ga ko haƙoran filawil ba su karye ba. A goge wurin zaman kik tas, domin ta jikinsa wuta ke komawa.

Ina roƙonka kada ka yarda a ketare rile a sa maka maɓalli a gaban mota, ko a riƙa haɗa bakin kik da sukundireba. Idan motar na cikin giya, tafiya za ta yi da wanda ke ƙarƙashinta. Kuma kafin a gyara, kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a murɗawa ɗaya, ka ba kik kamar minti ɗaya ya huce kafin ka sake.