Suma Ce Ko Farfaɗiya? Hukuncin Wanda Ya Faɗi a Sahu, Ya Sake Faɗuwa Bayan Sahur

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ƙanena ɗan shekara 17 ya faɗi sau biyu a goman ƙarshe ta azumin da ya wuce. Ta farko a masallaci ce, ana tahajjud, an ɗauke wuta, liman kuma ya ja doguwar sura. Ya ce jiri ya kwashe shi, gumi ya keto masa, idonsa ya yi duhu, sai ya sulale a sahu. Kafin a kawo ruwa ya farka, ya gane kowa. Bayan kwana huɗu, ya yi sahur ya koma ya kwanta, sai muka ji wata irin ƙara. Muka tarar jikinsa ya sandare, yana ta jijjiga, kumfa da jini a bakinsa. Gwaggonmu ta tura masa cokali, aka ɗura masa ruwan rubutu. Bai dawo hayyacinsa ba sai da rana ta fito. Yanzu a gida an ce iska ce, har an ware masa kwano da kofi. Malam, abu ɗaya ne ya same shi sau biyu? Mene ne hukuncin alwalarsa da sallarsa da azuminsa? Kuma ruƙiyya za mu yi ko asibiti?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya ba ƙanenka lafiya.

Ɗan'uwa, yadda ka siffanta abin, faɗuwar farko ta yi kama da suma, ta biyu kuwa ta yi kama da bugun farfaɗiya. Na ce "ta yi kama" domin yanke hukunci a kan jinya aikin likita ne, kuma Allah ya ce a tambayi ma'abota sani idan ba a sani ba. Sai dai likita ba ya wurin lokacin da abin ya faru, ku ne shaidu, kuma da bayaninku zai yi aiki. Don haka sanin bambancin ya rataya a wuyanku.

Suma tana faruwa ne idan jinin da ke hawa ƙwaƙwalwa ya ragu na ɗan lokaci. Doguwar tsayuwa wuri ɗaya, zafi, cunkoso, ƙishirwa, yunwa, ganin jini, tsananin ciwo ko miƙewa farat ɗaya daga kwance, duk suna kawo ta. Kusan kullum tana yin sallama kafin ta shigo: jiri, tashin zuciya, gumi mai sanyi, kunne ya toshe, gani ya dushe. Mutum ya yi fari fat a leɓe da tafin hannu, jiki ya saki, ya zube kamar tsumma. Da ya kwanta jini ya koma kai, sai ya farfaɗo, galibi ƙasa da minti ɗaya, ya san inda yake, ya san wanda ke kansa, sai dai kasala. Tsayuwar tahajjud bayan yinin azumi a masallacin da fanka ta tsaya ta haɗa kusan dukkan waɗannan sabubba.

Farfaɗiya kuwa daga ƙwaƙwalwar kanta take tasowa, idan saƙonnin lantarkin da ke cikinta suka rikice suka tashi gaba ɗaya. Ba ruwanta da ko mutum a tsaye yake ko a kwance, tana ma yawan zuwa cikin barci ko dab da farkawa, musamman ga wanda bai sami isasshen barci ba. A babban bugu, mutum kan yi ƙara saboda iskar da ke fita da ƙarfi daga ƙirji, jiki ya sandare na 'yan daƙiƙoƙi, sannan hannu da ƙafa su shiga fizga a jere, bugu bayan bugu, minti ɗaya zuwa biyu. Leɓe kan yi duhu, yawu ya yi kumfa, ya ciji harshe ta gefe. Alamar da ta fi kowace ƙarfi ita ce abin da ke biyo baya: numfashi mai minshari, ruɗewa, rashin gane mutane, ciwon kai da ciwon jiki, barci mai nauyi, daga mintuna har zuwa awa ɗaya ko fiye. Idan aka tambaye shi abin da ya faru, bai sani ba.

Abubuwa biyu suna yaudarar mutane a nan. Mai suma ma yakan ɗan fizga sau kaɗan, barkatai, musamman idan an tallabe shi a zaune an hana shi kwanciya, sai a ce farfaɗiya ce alhali ba ita ba ce. Haka sakin fitsari yana faruwa a duka biyun, ba ya raba gardama. Sannan ba kowace jijjiga ce ciwon farfaɗiya ba. Zazzaɓi mai zafi ga yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau, faɗuwar sukari a jini, hawan jinin mai juna biyu, da shan tiramadol, duk suna jawo ta. Likitoci ba sa kiran abu farfaɗiya sai ya maimaitu ba tare da irin waɗannan sabubba ba, ko gwaji ya nuna zai maimaitu. Ita ma suma akwai wadda ba a wasa da ita: wadda ta zo ana tsakiyar gudu ko ƙwallo, ko mutum na kwance, ko da bugun zuciya da ciwon ƙirji, ko a gidan da aka taɓa yin mutuwar fuju'a ta matashi. Wannan zuciya ake tuhuma, a tafi asibiti a ranar.

A wajen fiƙihu, suma da farfaɗiya babi ɗaya suke shiga, wato gushewar hankali. Alwala ta warware a duka biyun, ko da daƙiƙa biyar ce. Ibnul Munzir ya hakaito ijma'in malamai a kan haka, kuma ba a yi musu rangwamen da aka yi wa gyangyaɗi mara nauyi ba. Sallar da ya faɗi a cikinta ta ɓaci. Wanka bai wajaba ba sai in ya ga maniyyi, amma wasu malamai sun so a yi shi, saboda hadisin Nana A'isha a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) a jinyarsa ta ƙarshe ya suma, da ya farfaɗo ya nemi ruwa ya yi wanka. Idan fitsari ya taɓa tufa ko jiki, a wanke wurin.

Game da ramuwar salla, Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar ya suma har hankalinsa ya gushe, bai rama sallar ba. Malik ya fassara shi da cewa lokacin ne ya riga ya fita, wanda kuwa ya farfaɗo cikin lokaci sai ya yi salla. Haka Ibnu Abi Zaid ya kawo a Risala, kuma ita ce mazhabar Shafi'i. Hanafiyya sun ce ya rama in sallolin ba su wuce biyar ba, Hanbaliyya sun ce ya rama duka. A lissafin Malikiyya, mazaunin gida da ya farfaɗo saura lokacin da zai ishe shi tsarki da raka'a biyar kafin faɗuwar rana, Azahar da La'asar suna kansa. In abin da ya rage raka'a ɗaya ne zuwa huɗu, La'asar kaɗai. Ƙanenka, idan da gaske bai dawo hayyacinsa ba har rana ta fito, Asubar ranar ba ta kansa a mazhabarmu ta Malikiyya. Amma ina ganin ya rama ta, domin ƙarshen irin wannan hali yakan zama barci ne, mai barci kuwa yana ramuwa, kuma raka'a biyu ba su kai a tsaya jayayya a kansu ba.

Azumin ranar farko lafiyarsa lau, da dare abin ya faru. Na rana ta biyu ya dogara da agogo. Abin da Malikiyya suka tafi a kai, kamar yadda yake a Mukhtasar na Khalil, shi ne: wanda alfijir ya keto yana cikin gushewar hankali zai rama, ko da ya farfaɗo bayan ɗan lokaci. Haka wanda ya ɗauki yinin duka ko mafi yawansa. Wanda kuwa alfijir ya same shi da hankalinsa, abin ya zo daga baya bai wuce rabin yini ba, azuminsa ya inganta. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun sauƙaƙa, in ya kwana da niyya ya farfaɗo a wani yanki na yinin ya wadatar. To amma ku kun ɗura masa ruwan rubutu. Idan bayan alfijir ne kuma ya wuce maƙogwaro, ramuwa ta tabbata a mazhabar Malik, kwana ɗaya, babu kaffara, babu laifi a kansa.

Ɗurar nan da cokalin, kada a sake. Mai jijjiga ba ya iya haɗiya, ruwan zuwa huhu yake tafiya, yana iya shaƙe shi ko ya jawo masa ciwon huhu. Cokali yana karya haƙori, ya yaga dasashi, guntun haƙorin ya faɗa maƙoshi. Maganar cewa zai haɗiye harshensa ba gaskiya ba ce, harshe a ɗaure yake. Manzon Allah (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa, kuma kyakkyawar niyyar gwaggo ba ta mayar da cutarwa halal. Haka danne shi, ko matsa masa albasa a ido, ko kara ƙafarsa a wuta, duk haramun ne.

Abin yi shi ne a duba agogo tun daga farko, a janye abin da zai ji masa ciwo, a naɗe riga ko sallaya a sa masa ƙarƙashin kai, a sassauta wuyan rigarsa, a rage taro. Da fizgar ta lafa a juya shi kan gefensa, baki ya kalli ƙasa don yawu ya zubo. Kada a ba shi komai ta baki sai ya farka sarai yana amsa magana daidai. Idan jijjigar ta wuce minti 5, ko wata ta biyo kafin ya farfaɗo daga ta farko, ko ya ji rauni a kai, ko mai ciki ce, ko mai ciwon sukari, ko karo na farko ke nan, asibiti kai tsaye. Mai suma kuwa a shimfiɗe shi rigingine, a ɗaga ƙafafunsa kamar kamu ɗaya zuwa biyu, a yi masa fifita, kada a yi gaggawar zaunar da shi. In ba ya numfashi, wannan ya wuce suma, a fara danna ƙirji a nemi agaji. Idan a sahu ya faɗi, na kusa da shi ya yanke sallarsa ya duba shi. In ana tsoron halaka yankewar wajibi ce, salla ana sake ta. In liman ne ya faɗi, mamu su gabatar da ɗayansu ya ƙarasa musu.

Sai batun iska. Ba ma musun shafar aljani, amma cewa wane aljani ne ya buge shi da'awa ce, tana buƙatar hujja, kuma sandarewa da kumfa ba hujja ba ne. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya kasa farfaɗiya kashi biyu a Zadul Ma'ad: ta miyagun ruhohi, da ta jiki wadda likitoci ke magana a kanta. Ya kuma ce mai yiwuwa ne ciwon baƙar matar nan ta hadisin Ibnu Abbas na kashi na biyu ne. Ita ce ta zo ta ce wa Annabi (SAW) tana faɗuwa kuma tsiraicinta na bayyana. Ya ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da Aljanna ko addu'ar waraka, ta zaɓi haƙuri, ta roƙi kawai ya yi mata addu'a kada ta riƙa yayewa, ya yi mata. Ku duba, ba a kore ta daga cikin jama'a ba, ba a ce a guje ta ba, Ibnu Abbas ma nuna ta yake yi a matsayin 'yar Aljanna. Saboda haka ku mayar wa yaron nan kwanonsa cikin na 'yan'uwansa. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu, ko taɓawa, ko cin abinci tare, kuma ware shi zalunci ne a kan marar lafiya.

Kada a kafa hujja da haƙurin matar a bar magani. Ita ta zaɓa wa kanta ne da alkawari daga bakin Annabi. Shi ne kuma ya ce ku nemi magani, bayin Allah, a hadisin Usama ɗan Sharik. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu farfaɗiya sun kai kimanin miliyan 50, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in an gano ciwon an ba su maganin da ya dace. Inda magani ya kai wannan matsayi, barinsa kuma yana iya kai mutum faɗawa wuta ko rijiya, nemansa ya zama wajibi a kan mai ciwon da waliyyinsa. Ruƙiyya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka tabbata halal ce ga kowace cuta, ku yi masa, amma ba da duka ko shaƙe wuya ko turnuƙa hayaƙi ba, kuma duk mai ruƙiyyar da ya ce a ajiye ƙwayoyin asibiti kada a saurare shi. Yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa.

Ku kai shi wajen likita, wanda ya ga faɗuwar da idonsa ya raka shi. Za a iya auna sukari da hawan jini, a yi gwajin zuciya saboda faɗuwar farko, da gwajin ƙwaƙwalwa da ake kira EEG saboda ta biyu. In abin ya sake zuwa, ya halatta ɗaya daga cikin 'yan gida ya ɗauki bidiyonsa a waya don likita kaɗai, bayan an suturta shi. Tura shi ga wasu ko sa shi a intanet tona asirin Musulmi ne. Kafin likita ya yi magana, ya dakata da hawa babur da tuƙi, da wanka a kogi ko kududdufi, da jan ruwa a rijiya, da zama shi kaɗai kusa da murhu.

Azumi mai zuwa kuma, idan an ɗora shi a kan magani, likita ne zai ce ko za a iya mayar da shansa sahur da buɗa-baki. In ya ce jinkirta ƙwayar zai dawo da faɗuwar, ya sha azumi ya rama a wasu kwanaki, kamar yadda aya ta 185 ta Suratul Baƙara ta yi izini. Rashin barci yana tayar da farfaɗiya, don haka in tahajjud za ta cinye masa dare, ya taƙaita ta. Nafila ce, kuma in ya ji jiri a tsaye ya zauna ya ƙarasa a zaune.

Wallahu a'alam.