Hilux ɗina ta daina ja a hawa, kuma tana baƙin hayaƙi: tabo ne ya mutu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Hilux ƙirar 2012 mai shan gas, inji 2.5 mai tabo, ina jigilar dankali da ita daga Jos. Wata biyu ke nan in na zo Hawan Kibo sai ƙarfinta ya mutu murus, ko na take totur har ƙasa ba ta ja, ga baƙin hayaƙi. In na kashe na sake tayarwa sai ta ɗan farfaɗo. Bakanikena ya ce a sayi tabo, wani kuma ya ce a yi mata tunin da kwamfuta. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna, kada ka bi ko ɗaya. A garejinmu, motocin da ake kawowa da sunan tabo (na'urar da ke ƙara tura iska cikin inji) ya mutu, da yawansu tabon lafiyarsa lau. Yana damuna ƙwarai in ga mutum ya je Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sayo tabo ɗan Beljiyam da kuɗin cefanen gidansa, a ɗaura, motar ta ci gaba da halinta.

Baƙin hayaƙi yana nufin gas ya fi ƙarfin iskar da ke shiga inji. Saboda haka hanyar iska za a fara bi. A ciro iyakilina, wato matatar iska, a duba. Ƙurar hunturu kan toshe ta tun kafin lokacin sabis ya yi, kuma busa ta da iska mai ƙarfi yana huda takardar, ƙura ta wuce kai tsaye. Daga nan a bi manyan tiyo ɗin da suka taso daga tabo zuwa intakula mai sanyaya iskar, zuwa inji. Tsaga ƙarama kan ɓuya in mota na tsaye, sai an ɗora mata kaya a hawa ta buɗe baki. Alamarta danshin baƙin mai a wurin, da huci kamar na maciji in an taka totur.

Farfaɗowar da take yi bayan ka kashe ita ce ta fi jan hankalina. Tabon da ya lalace ba ya warkewa don an juya makulli. Wannan aikin kwamfutar mota ne: ta ga wani lissafi bai yi daidai ba, ta rage ƙarfi don ta kare inji. To a sa mata na'urar bincike a karanta lambobin matsalar da kwamfutar ta ajiye. P0299 na nufin iskar tabo ta gaza, P0234 ta yi yawa, P0087 kuma matsin gas ne ya faɗi. Lambar tana nuna unguwa ne kawai, ba ta nuna gida, don haka a bar na'urar a jone a hau tudu da motar, a kwatanta matsin da kwamfuta ke nema da wanda take samu. Mai goge lamba ya karɓi kuɗi bai yi maka aikin komai ba.

Sai bawul ɗin EGR, mai mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji. In dauɗar hayaƙi ta maƙale shi a buɗe, za ka ga duk abin da ka lissafa. Wanki ne maganinsa, tare da sensar MAP da ke auna matsin iska. Ta ɓangaren mai kuwa, irin wannan inji yana harba gas da matsin da ya haura 1,000 a ma'aunin "bar", ba ya jure ruwa ko gas ɗin da aka gauraya da kananzir. A canja filta, a duba ƙaramin bawul ɗin SCV da ke jikin famfon gas, mai daidaita yawan gas ɗin da ke shiga cikinsa. In kana jin ƙwanƙwasa da safe, a kai nozul gwaji.

Shi kansa tabon, a cire tiyon gabansa inji na kashe kuma a sanyaye, a kama sandar da ke riƙe da fukafukansa da yatsu. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne. In tana shiga tana fita, ko fukafukan sun gogi bango, ko bakinsu ya cinye, to ya tafi. Ko a nan ma sai an gano abin da ya kashe shi, domin yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, baƙin mai kaɗai ke riƙe da shi. Toshewar bututun da ke kai masa mai za ta cinye sabon ma cikin 'yan kwanaki. Bayan doguwar tafiya, ka bar inji ya yi silo minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe.

Batun tunin, ina yin sa, amma ba na taɓa motar da ke hayaƙi. Tunin ƙarin gas ne da ƙarin matsin iska. Injin da iska ba ta ishe shi ba, in ka ƙara masa gas zafi ne zai hau, fistin ya tsage, kuloci ya bi baya, musamman ga mai hawa tudu da lodi irinka.

Abu ɗaya ne zai sa in ce ka ajiye ta nan take: in hayaƙin ya koma shuɗi kuma baƙin mai yana raguwa. Injin gas na iya shan baƙin mansa ya yi ta gudu shi kaɗai, ko an zare makulli. In ba haka ba, a fara da iyakilina da tiyo gobe da safe, ka turo mini lambobin da na'urar ta nuna.