Shafi 60 a minti 15? Ƙanwata, sai an rage kaya

Tambaya: Ni tela ne a kasuwar Wadata, Yamai. Na haɗa tambarin shagona da Canva, na tura wa mai buga allo ta WhatsApp, sai ya fito dishi-dishi, da wani farin akwati a bayansa. Ina gyara?

Amsa: WhatsApp yana matse hoto kafin ya aika shi. Ka tura ta wurin Document, zai isa yadda yake. Farin akwatin kuwa halin hoto nau'in JPG ne, ba ya barin baya fayau. Nau'in PNG yana bari, amma a Canva sai mai biyan kuɗi ke samun wannan damar. Mai buga allo dai PDF za ka ba shi. Sannan Malam, na ga hoton da ka haɗo: almakashi, keken ɗinki, zare, tauraro, lambar waya biyu. Tambari ne ko kayan lefe? Bar almakashin da sunan shago kawai, cire sauran. Ka ƙanƙantar da shi ya kai girman hotonka na WhatsApp, in har ana karanta sunan, ya yi.

Tambaya: Ɗaliba ce ni a Jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua. Zan kare kundin bincikena, an ba ni minti 15, na shirya shafi 60 a PowerPoint. Yaya zan sa rubutu ya riƙa shigowa yana juyi, da ɗan sauti?

Amsa: Ƙanwata, ba zan koya miki ba, kuma don ƙaunarki na ƙi. Yi lissafi: shafi 60 a minti 15, kowane shafi daƙiƙa 15 ke nan. Kafin malami ya gyara tabarau kin wuce. Wannan abu yana ci mini rai, don na san wahalar da ɗalibanmu ke sha wajen bincike, rana da ƙura, ƙauye-ƙauye, sannan a zo ranar ƙarshe a binne aikin cikin tulin rubutu.

Matsalar ita ce ido ya fi baki sauri. Da kin haska sakin layi guda, malamai za su karance shi kafin ki kai rabi, kuma yayin da suke karatu ba sa jin ki. Ke kuma kin juya musu baya kina karanta bango. Kundin yana hannunsu, sun riga sun duba. Ke suka zo saurare.

Guy Kawasaki, wanda ya yi aiki da Apple, yana da ƙa'idar da ya kira 10/20/30: shafi 10, minti 20, girman haruffa kada ya gaza 30. Don masu neman jari ya yi ta, amma ta 30 ɗin nan na fi riƙewa, saboda manyan haruffa ba sa barin wurin surutu. Ki sauko zuwa shafi 12 ko ƙasa. Kowane shafi magana ɗaya, kuma kan shafin ya faɗi abin da kika gano, ba kalmar “Sakamako” kaɗai ba. Jadawalin Excel mai layi ashirin ki mai da shi zane ɗaya, sandar da kike son a gani ita kaɗai ke da launi, sauran toka-toka. Bayanin da kike tsoron mantawa ki zuba shi a wurin rubutun mai jawabi da ke ƙasan shafi, ke kaɗai ke ganinsa.

Launi biyu sun isa, salon haruffa ɗaya. Majigi yana wanke launi, balle a ɗakin da hasken Tahoua ke shigowa ta taga. Rawaya a kan fari ɓacewa take. Ki yi baƙin rubutu a kan fari. Hoto kuwa ta kusurwa ake jan sa, in kin ja ta gefe mutane su koma gajeru masu faɗi. Kuma a daina tsoron fili. Shafin da rabinsa babu komai ba ragwanci ba ne, shi ke nuna wa ido inda zai sauka.

In akwai Hausa a ciki, ki duba ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, don ba kowane salon haruffa ke da su ba. Ni Noto Sans nake amfani da shi. Da kin gama ki ajiye kwafi a PDF, don kada kwamfutar zauren ta sauya miki haruffa. Ki tambaya tun da wuri ko majiginsu mai faɗin hoto ne, wato 16:9, ko tsohon 4:3, ki kuma buga shafukan a takarda ko da wuta za ta ɗauke. Allah ya ba da sa'a.

Tambaya: Daga Yantala nake. Na zaɓi launin fenti a Pinterest, da aka shafa a falo sai ya bambanta.

Amsa: Hajiya, allon waya haske yake fitarwa, bango kuwa hasken ɗaki yake mayarwa, ba za su zo ɗaya ba. Kafin sayen bokiti, a shafa kaɗan a bango, ki duba da rana ki duba da dare. Ki kuma duba kwalin ƙwan fitilarki: 6500K fari ne mai shuɗi-shuɗi, 2700K yana ja zuwa rawaya. Gwada sauya ƙwan tukuna kafin ki sake kiran mai fenti.