Tambaya da Amsa: Awon gishiri a ruwan zartsi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar nazarin halittu ce, kuma bincikena na ƙarshe a kan tafkin Legas ne. A dam ɗin Kubanni na koyi ɗibar samfurin ruwa, awona bai taɓa ba ni matsala ba. A tafkin Legas kuwa na auna gishiri wuri ɗaya, safe da yamma, lambobin suka sha bamban. Na'urar ce ta lalace? — Wata ɗaliba, Samaru, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kafin ki ɗora wa na'ura laifi, ɗiga tataccen ruwan ɗakin gwaji a kan gilashin rifraktomitar, wato na'urar awon gishirin. In ta nuna sifili, lafiyarta ƙalau. In ba ta nuna ba, juya ɗan sukurun da ke samanta har layin ya sauka a kan sifili. Ki riƙa wanke gilashin bayan kowane awo, domin gishirin da ya bushe a kai yakan ƙara wa na gaba lamba.

Amma mun fi zaton ruwan ne ya canza. Kubanni ruwan daɗi ne, gishirinsa bai kai rabin giram a lita ba, kuma a kwance yake. Teku na ɗauke da kusan giram 35 a lita. Abin da ke tsakani, daga 0.5 zuwa 30, shi ne ruwan zartsi, kuma tafkin Legas irinsa ne: kogin Ogun na zuba masa ruwan daɗi, teku na turo nata ta mashigar tashar jiragen ruwa. Tekun takan cika ta janye sau biyu a yini, kusan awa 12 da minti 25 tsakanin cikowa da cikowa. Saboda haka lokacin yana gusawa da kusan minti 50 kullum. Wanda ya ce zai riƙa awo ƙarfe takwas kowace safiya, yau cikowa zai tarar, bayan mako guda janyewa. Ki nemi jadawalin cikowar teku, ki rubuta yanayinta kusa da kowace lamba.

Sai zurfi, inda ɗalibai suka fi tuntuɓe. Ruwan gishiri ya fi nauyi, yakan kutsa ta ƙasa, na daɗi ya yi iyo a kansa. Bokitin da kika ɗiba daga gefen kwalekwale labarin sama kaɗai ya kawo miki. Ki zura kwalba mai rufewa a zurfi, ki ɗibi na sama da na kusa da ƙasa, ba tare da ta taɓa taɓo ba. Oksijin kuma a nan take ake auna shi, zai fi kyau da asuba lokacin da ya fi ƙaranci. Ƙasa da miligiram 2 a lita, kifi na cikin wahala. Kumfar iska ɗaya a kwalba ta isa ta ɓata sakamakon.

Kada ki tsaya a wata guda. Da damina gishirin yakan faɗi har ciyawar ruwa mai shuɗin fure ta mamaye tafkin, da rani ya hau ta mutu. Gefen garin Epe ma, da ke nesa da mashigar teku, bai kai bakin tashar jiragen ruwa gishiri ba. In da hali, ki tuntuɓi cibiyar binciken teku ta ƙasa, NIOMR, da ke Victoria Island, ki gwada na'urarki da tasu kafin ki sake shiga kwalekwale.